Yaron da Ya Fi Kowa Natsuwa a Gundumarmu

Jama'a, ku taya ni murna, yau na shiga makaranta da tsufana. Ba da ƙafa na shiga ba, da ka na shiga, kuma ba dukan kan ba, tsakiyarsa kawai.

Ga yadda abin ya faru. Da safe ina tsaye gaban kasko a shagonmu na karin kumallo a nan Taiwan ina juya wainar ƙwai, masu babura sun yi layi har bakin titi, kowa na danna mini oda kamar ni na hana shi tashi da wuri. Uwargidata Siu-kim tana gefe tana zuba madarar waken suya a kofuna. Jikarmu A-Pei kuwa, 'yar shekara biyar, tana teburin lungu ta tasa kwamfutar hannu a gaba, ana yi musu darasi ta intanet. Sai na jiyo muryar malamarsu, Malama Yen, tana cewa, "Yara, kowa ya ruga ya kawo mini abu mai sumul, mai sheƙi. Maza!"

Ban ankara ba sai na ji ana jan wandona.

"Akong, sunkuyo."

Na sunkuya, a zatona wani sirri za ta raɗa wa kakanta. Sai yarinyar nan ta ɗaga kwamfutar da hannu biyu ta kifa kyamarar a kan sanƙona. Wani yaro ya kawo cokali, wata ta kawo ƙwai, wani ya jajibo murfin tukunya. Jikata ni ta kawo. Aji ya kaure da ihu. Malama Yen ta yi ta kokawa da dariya, da ƙyar ta ce, "A-Pei, lallai wannan ya yi sheƙi. Ina kwana, Akong?"

Na amsa gaisuwa kaina a ƙasa, waina na ƙonewa a bayana. Siu-kim ko waiwayowa ba ta yi ba, ta ce, "Tun da na aure ka nake jira kan nan ya yi wa wani amfani."

Ban yi fushi ba. In malamar nan ta ce gobe a kawo mata abu mai ƙara, ni zan kai mata gwiwata da kaina. Domin saura ƙiris mu rasa ta, kuma labarin da na zo ba ku ke nan.

Kun dai tuna guguwar da ta yaye rufin makarantar renon yara ta unguwarmu. Washegari manya suka zo da hulunan kwano sababbi fil, suka tsaya a inda hasken rana ya fi kyau, aka ɗauke su hoto suna nuna sama da yatsa. Suka ce kada kowa ya damu, yara su ɗan yi karatu ta intanet, kwanan nan za a gama gyara. Tun daga wannan "kwanan nan" mangwaro ya yi fure, ya nuna, mun sha, ya ƙare. Makaranta na nan kai a buɗe, tsuntsaye na shiga aji ba tare da sun yi rajista ba.

Amma kada ku ce manyanmu barci suke. Haba! Waɗannan bayin jama'a, da ba sa cin abinci sai sun tabbatar an ɗauki hoton abincin? Sun zauna, sun yi taro a otal mai kallon teku, sun gano cewa matsalar yaranmu ba rufi ba ce, rashin natsuwa ce. Mai Girma Shugaban Raya Manyan Gobe, ransa ya daɗe, ya sa aka sayo wata manhaja mai suna Ma'aunin Natsuwa. Wani ɗan ɗigo ne ke fitowa a gefen fuskar kowane yaro. In yaro ya zauna kyam, ya ƙura wa kwamfuta ido, ɗigon ya yi kore. In ya motsa, ko ya waiwaya, ko ya sosa ƙeya, ya yi ja. Malamin da ajinsa ya cika ja, ba za a sabunta masa kwantiragi ba.

To ku gaya mini, wane ɗan shekara biyar ne ke zama kyam yana kallon wuri guda? Ni dai wanda na taɓa gani, zazzaɓi yake yi.

Ita kuwa Malama Yen duk aikinta shi ne hana yara zama. Yanzu ta ce a ruga a nemo abu ja, an jima ta ce a leƙa taga a ƙirga babura, in motar shara ta zo wucewa da kiɗanta sai ta ce kowa ya ajiye komai a taka rawa. Kuma ku ji abin da ya sa na ɗauki zancen da zafi. Lokacin da 'yata ta tafi aiki birnin Taipei ta bar mana A-Pei, yarinyar nan ƙarƙashin tebur take wuni. Ka yi mata magana ta kalli ƙasa. Sai ka ji ta a bayan firji tana kuka a hankali, irin kukan da ba a so kowa ya ji. Malama Yen ba ta taɓa ce mata fito ba. Rana ɗaya sai muka gani a kwamfuta ita ma malamar ta shige ƙarƙashin nata teburin, ta ce yau a nan za a yi darasi, duk aji kowa ya shiga ƙarƙashin tebur. A ranar na fara jin dariyar jikata a gidan nan. Yanzu kuwa sai mun roƙe ta take yin shiru.

Wannan malama ce ma'aunin ya ce ba ta iya aiki ba. Ajinta ja wur, kamar ƙofar ɗakin bauta ranar sabuwar shekara.

Wata rana da yamma ta kira mu, iyaye da kakanni. Ta ce, "Ku yi haƙuri, in da hali a ɗan riƙa zaunar mini da su. Ko na ɗan lokaci ne." Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na zaunar da A-Pei, na ba ta burodi mai zaƙi, ɗigo ya yi kore. Burodi na ƙarewa, kore ya ƙare. Na ƙara mata wani. Siu-kim ta ce in na ci gaba a haka, malama za ta tsira da aikinta, mu kuma mu rufe shago.

Sai ga maƙwabcina Lao Pan, mai gyaran babura, wanda shagonsa ke manne da namu. Jikansa A-Kun ajinsu ɗaya da A-Pei, kuma in ana zancen yaran da ba sa zama, A-Kun ne shugabansu na ƙasa. Lao Pan ya zo shan madara yana murmushi irin na wanda ya tsinci wani abu.

Ya ce, "Tsohon banza, wai wahalar me kake yi? Namu kore ne tun daga safe har a tashi."

Na ce, "A-Kun? Me ka ba shi? Ko ɗaure shi ka yi?"

Ya ce, "Zo ka ga ilimi."

Na bi shi. Jama'a, a kan bencin aikinsa ga kwamfuta, a gabanta kuma ga hoton A-Kun, babba, wanda aka ɗauka ranar sabuwar shekara an taje masa kai an gargaɗe shi kada ya motsa. An manna shi a kwali da salatif, an tokare da sifana. Ɗigo kore shar. Shi kuwa A-Kun na gaskiya yana kwance ƙarƙashin wani babur, hannu duk baƙin mai, yana amsa waƙar malama daga can.

Na ce, "Lao Pan, wannan ai ha'inci ne."

Ya ce, "Ha'incin me? Sun ce suna son yaro mai zama wuri guda, na ba su. Malama na son yaro mai motsi, na ba ta. Kowa ya samu nasa. Da ni aka ba mulkin Taiwan da tuni an daina faɗa."

Malama Yen ba makauniya ba ce, ta gani. Ta kira shi ta roƙe shi ya cire. Ya ce, "To, Malama, yanzun nan." Bai cire ba.

Ana nan sai sanarwa ta fito. A duk faɗin gundumarmu, in ji ma'aunin, babu yaron da ya kai A-Kun natsuwa. Ko ƙiftawa ba ya yi. Saboda haka Mai Girma da kansa zai shigo ajin ta intanet, da 'yan jarida a ofishinsa, don ya karrama wannan yaro abin koyi, ya kuma duba sauran 'yan ajin da idonsa.

Shagon kumallo ba ya riƙe sirri. Kafin azahar duk kakannin ajin sun ji dabarar. Kowa ya ce in Mai Girma ya shigo ya tarar da ja, malamarmu ta tafi. Sai ga tsofaffi a kan babura, an nufi shagon mai hoto. Mutumin da tun da waya ta zo yake hamma, ranar har ya rasa lokacin cin abinci. Ni ma Siu-kim ta tura ni na wanko hoton A-Pei. Na kawo, na tokare da kwalbar yaji, na ce, "Gobe wannan ce za ta zauna miki, ke kuma ki je ki yi wasanki."

A-Pei ta kalli hoton, ta kalle ni, ta ce, "Akong, in Malama ta kira ni fa? Wannan ba ta da baki."

"Gobe kawai."

"A'a. Malama za ta neme ni ta rasa."

Ta ɗauki hoton ta kai wa kakarta ta ce, "Ama, riƙe, ki riƙa kallo in ina makaranta." Muka kalli juna ni da Siu-kim.

Ranar ta zo. Na rage wuta, na tsaya bayan A-Pei da cokalin suya a hannu. Mai Girma ya bayyana, daga ƙirji zuwa sama, taye a ɗaure, gashi a kwance kamar an yi masa guga, furanni a dama, 'yan jarida a baya. Ya dubi aji. Yara reras, kowa ya sha kwalliyar sabuwar shekara, kowa na murmushi, babu mai motsi. Kore ko'ina. Ɗigo ɗaya ne kawai ke yin ja, na jikata, domin tana lilo da ƙafa tana sakace hanci.

Mai Girma ya waiwaya ga 'yan jarida, fuskarsa kamar an kunna fitila a ciki. Ya ce, "Kun gani? Wannan shi ne sakamakon hangen nesa."

Sai ya shiga jawabi. Ya yi magana a kan ƙarni mai zuwa. Ya yi magana a kan gasa da sauran ƙasashe. Ya yi magana a kan yadda shi ma yana yaro bai taɓa wasa ba, abin da ni dai na yarda da shi nan take. Tun da ya hau kujerar nan bai taɓa samun masu sauraro irin na ranar ba. Ba mai tari, ba mai fita fitsari. Malama Yen kuwa tana can a kusurwarta, fuskarta ta yi fari kamar madarar da muke sayarwa.

Da ya gaji, ya ce, "Yanzu ina gwarzonmu? A-Kun, yaron kirki, gaishe da jama'a."

Shiru. A-Kun na murmushi.

"A-Kun?"

A-Kun na murmushi.

Mai Girma ya sake juyawa ga 'yan jarida ya ce, "Ku dubi natsuwa! Ni kaina na kira shi, bai yarda hankalinsa ya rabu ba." Suka rubuta. Na rantse muku sun rubuta.

Amma ya nace sai yaro ya yi magana. Can sai muka ji wata murya ta fito daga bayan hoton, siririya, a shaƙe, irin ta tsohon da ya sha taba tun yana saurayi kuma ya toshe hanci. "Na gode, ranka ya daɗe."

Ni ta wuri biyu na ji ta, ta kwamfuta da ta bango.

Mai Girma ya ce, "Ayya, mura yake yi, amma bai fasa zuwa aji ba. Ku rubuta wannan ma."

Da a nan aka tsaya da an rabu lafiya. To amma akwai wani saurayi da ya kawo wa Lao Pan gyara, ya gaji da jira, ya ce bari ya gwada babur ɗinsa da kansa. Ya taka, ya murɗa. Salansar babur ɗin kuwa na fuskantar benci. Iska ɗaya, gwarzon gundumarmu ya yi sama, ya juya, ya faɗa cikin bokitin baƙin mai. A gurbinsa, gaban Mai Girma da 'yan jarida, sai ga Lao Pan a tsugune da singileti, yatsu biyu a hanci. A bayansa A-Kun na gaskiya, baƙi ƙirin har kunne, yana ɗaga wa duniya hannu.

A-Pei ta daka tsalle ta ce, "A-Kun ya faɗi! Kai, ga wani A-Kun!"

Shi ke nan. Duk yaran da aka ɓoye a bayan hotuna suka ce sai sun gani. Nan hoto ya kife, can an fizge wani, sai fuskoki ke ɓullowa, wani da shinkafa a kumatu, wata ba riga, wani riƙe da kyanwa ta wuya. Wata kaka muka gan ta tana rarrafe tana neman mayar da hoton jikarta, ta manna shi kai a ƙasa. Kore ya watse. Ja ya cika allo tun daga sama har ƙasa.

Lao Pan har lokacin bai saki hancinsa ba.

Ni Malama Yen nake kallo. Na ga ta runtse ido, ta ja numfashi, irin na wanda ya san aikin ya riga ya tafi, saura a tafi da mutunci. Sai ta buɗe ido ta tafa hannu.

"Yara! Yau mun yi baƙo. Me muke yi wa baƙo?"

Aji ya amsa da murya ɗaya, "Tsallen kwaɗo!"

Kafin ka ce me, ko'ina kawuna ke sama da ƙasa, ana kukan kwaɗi. A-Pei ta yi tsalle biyu, ta tsaya, ta matso da fuskarta har hancinta ya cika kyamara, ta ce, "Kawu mai taye, kai ba ka iya ba ne?"

Ta ce, "Ba wuya. Ka tsuguna. Kada ka ji kunya, ni ma da ina jin kunya."

Sauran suka ɗauka, "Kawu! Kawu! Kawu!"

Mai Girma ya dubi 'yan jarida. 'Yan jarida suka ɗaga kyamarori. Mutum zai iya korar malama a ɓoye, amma ba zai iya ce wa 'yar shekara biyar a'a a gaban kyamara ba. Sai muka ga kan nan mai guga ya nutse, ya ɓace, ya sake ɓullowa. Ya nutse, ya ɓullo. A na uku gashin ya rabu da inda aka ajiye shi. Kuma ashe ma'aunin ba ya sanin babba, shi ma an liƙa masa ɗigo. A-Kun ne ya fara gani, ya ƙwala ihu, "Kawu ya yi ja! Kawu ba ya natsuwa!"

A nan ne abin mamakin ya faru. Mai Girma ya yi dariya. Ba irin ta buɗe taro ba, ta gaske, har da tari. Ni kuwa ban san lokacin da na tsuguna ba. Na waiwaya sai ga Siu-kim tana tsalle da ludayi, ga masu babura biyu da suka zo sayen waina suna yi da hulunan kwano a ka. Wata tsohuwa mai wucewa ta tsaya ta tambaya ko wani sabon motsa jiki ne na hawan jini, ta ajiye kwandonta ta shiga.

Bayan an tashi, murna ta koma ciki. Muka zauna jiran hukunci. Lao Pan ya daina zuwa shan madara, wai kunya, sai dai ya aiko a saya masa. Malama Yen ta ci gaba da darasi kamar ba komai, amma idanunta sun nuna ba ta barci. A-Pei ta tambaye ni ko ita ce ta yi laifi. Na ce mata a'a, kuma ban taɓa faɗin gaskiyar da ta kai wannan ba.

Sai sanarwa ta fito, kuma a nan ne za ku san manyanmu ba sa'o'inmu ba ne. Ashe, in ji sanarwar, Mai Girma ya daɗe yana nazari a kan wani sabon tsari mai suna Koyo Cikin Motsi, kuma abin da aka gani ranar shi ne ƙaddamar da shi, kamar yadda aka tsara tun farko. An yaba wa Malama Yen saboda ta fahimci manufar Mai Girma tun kafin ya bayyana ta, an sabunta mata kwantiragi. Ma'aunin kuwa ba a jefar ba, ina! An sake kiran kamfanin da ya kawo shi, an yi wani taron a otal mai kallon teku, an juya shi. Yanzu mai motsi shi ne kore, mai zama shi ne ja.

Lambar yabon A-Kun ma ta iso, tunda an riga an zana sunansa a jiki. Lao Pan ya tsamo hoton daga bokiti, ya goge, ya rataya masa ita, ya ce wanda ya yi aiki shi ya kamata ya ci lada. Jiya kuma na leƙa na tarar yana ɗaure wani sabon hoton a jikin fanka mai juyawa. Na ce, "Lao Pan, yaron nan fa yanzu ba ya buƙatar taimako, motsi ai gadonsa ne." Ya ce ya sani, ajiya yake yi saboda ranar da A-Kun zai yi zazzaɓi.

Ranar Lahadi da ta wuce ina share gaban shago sai ga wata 'yar budurwa ta faka babur, ta cire hular kwano, ta ce a ba ta wainar ƙwai da madara mai sanyi. Muryar ce na gane. Bayan guguwa aka ɗauke ta aiki, saboda haka babu yaron da ya taɓa ganinta ido da ido. Na ƙwala wa A-Pei kira. Ta fito da gudu, ta yi turus. Ta kalli fuskar, ta sauke ido a hankali har ƙasa, ta zagaya ta baya ta sake dubawa. Sannan ta ce, "Malama! Ashe kina da ƙafafu!"

Malama Yen ta durƙusa a kan ƙafafun nan ta rungume ta. Siu-kim ta ce hayaƙin kasko ne ya shiga mata ido, alhali na kashe wuta tun ɗazu.

Ni dai tambayar yarinyar ta tsaya mini a rai. Ƙafafun malama mun gani, mun tabbatar. Su kuwa manyanmu, ransu ya daɗe, kullum daga ƙirji zuwa sama muke ganinsu a bayan tebur. Ko ranar tsallen kwaɗo, kai kawai muka ga yana hawa da sauka. Ba na zargin kowa. Amma duk wanda ya taɓa ganin ɗayansu ya tako unguwarku da ƙafa ba tare da mai hoto ba, ya biyo ta shagona ya ba ni labari, madararsa ta ranar kyauta ce.